Idan Inji Ya Ci Hannun Yaron Shago, Wa Zai Biya?

Samari ku matso gaba, don rabin maganar nan taku ce.

Ku dubi garin nan na Bungudu, ku dubi Kwatarkwashi da Nahuce. Tun daga asuba ƙarar inji ce ke tashe mu. Ga injin niƙa, ga injin casar shinkafa, ga masu buga bulo a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato, ga mai walda, ga gidan burodi, ga bakanike a ƙarƙashin mota. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da yara biyu ko uku da ke yi masa aiki. To, ina tambayarku, ran da tsautsayi ya faɗa wa ɗaya daga cikin yaran nan, wa zai biya?

Lokacin da nake koyarwa akwai wani yaro a aji biyar, hannunsa da kyau, shi nake sa wa ya rubuta kwanan wata a allo. Ya bar makaranta ya kama aiki a wani injin niƙa. Wata rana bel ya kama hannun rigarsa, kafin a kashe inji yatsu uku sun tafi. Maigidansa ba mugu ba ne, kada ku zage shi. Shi ya ɗauke shi zuwa asibiti a Gusau, ya sayar da tumakinsa biyu, ya ci bashi a kai. Da aka sallamo yaron aka taru aka ce ƙaddara ce, aka yi addu'a, aka watse. Ƙaddara ce kam, ba wanda ya musa. Amma yaro ya rasa hannun sana'a, maigida ya rasa jari, inji ya yi wata biyu a rufe. Mutum biyu suka faɗi a rami guda, alhali kuwa akwai doka da aka yi musamman saboda irin wannan rana, ba wanda ya taɓa karanta musu ita.

Ita zan karanta muku yau da Hausa.

Maganar ta daɗe a duniya. Jamus ce ta fara kafa asusun biyan ma'aikacin da ya ji rauni a 1884, Ingila ta yi tata dokar a 1897, Turawan mulki suka kawo mana irinta a 1941. A 1987, zamanin soja, aka sake ta. Aibin wannan tsohuwar doka shi ne nauyin yana wuyan maigida, kuma biya ɗaya ake yi a wuce wurin. Idan ma'aikaci ya rasu, albashin wata 42 za a ba iyalinsa, shi ke nan. Kun san kuɗin dunƙule a gidan makoki, kafin sadakar arba'in sun sha ruwa.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, aka ɗora aikin a kan hukumar NSITF da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ga yadda abin yake. Duk wanda ya ɗauki mutum aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata a asusu guda. Ku saurara da kyau, kashi 1 na albashin yara, ba na ciniki ba, ba na riba ba. Alhaji mai gidan bulo, a ce kana da yara uku, kowanne Naira 30,000 a wata. Jimla 90,000. Abin da ke kanka Naira 900. Ko kuɗin man da janaretonka ke sha kafin hantsi bai kai ba.

Kuma daga aljihunka za su fito. Doka ta hana ka cire ko kwabo daga albashin yaro da sunan wannan kuɗi. Ta kuma hana ka sa shi ya ce ya yafe haƙƙinsa. Ko ya dangwala yatsa a takarda gaban shaidu goma, wannan takarda ba ta da amfani.

Na ji wani a baya yana cewa ai wannan dokar manyan kamfanoni ce, ta masu banki da masu siminti. A'a, Malam. Wadda kake tunani ita ce dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai Naira 70,000 a 2024, ita ce ta ɗauke wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ta diyya ba ta sa wannan iyaka ba. Ta haɗa ma'aikacin gwamnati da na ɗan kasuwa, ta haɗa na dindindin da na wucin gadi, ta haɗa mai koyon sana'a, har da mai aikin gida muddin ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne aka ware, don suna da nasu tsarin.

Me ake samu? Asusun zai ɗauki kuɗin magani. Idan raunin ya nakasa mutum ƙwarai har ba zai sake iya aiki ba, za a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata. Idan rai ya yi halinsa, ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, su ma kashi 90 ne kowane wata, idan ɗa ɗaya ne kashi 85. Ba sai an tsaya jayayyar laifin wa ne kafin a biya ba, muddin a kan aiki abin ya faru. Har hatsarin hanya an sa a ciki: yaron da babur ya kaɗe tsakanin gidansu da shago, yana tafiya aiki ko yana komowa, doka ta lissafa da shi.

Akwai kuma ciwon da ba ya zubar da jini. Wanda ya shekara goma kusa da ƙarar injin niƙa, sai ka ga sai an ɗaga murya yake ji. Mai aikin siminti da mai fasa dutse, ƙura tana taruwa a ƙirji. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 ɗin nan dai, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, sai da likitocin MSF suka zo. Yaran nan ba ma'aikata ba ne, ƙurar sana'ar iyayensu ce ta bi su har tsakar gida. Dokar ta ambaci kurumta, ta jera cututtukan da aiki ke jawowa, dalma tana ciki.

Yanzu ga wurin da mutane ke asarar haƙƙinsu, watau lokaci. Yaro, idan ka ji rauni, kai ko wani naka ku sanar da maigida cikin kwana 14. Maigida, daga ranar da raunin ya faru kana da kwana 7 ka sanar da hukumar, idan kuwa rasuwa ce, nan take. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita kafin shekara ta zagayo. Mu nan al'adarmu kunya: yaro ba ya son ya zama kamar ya kai ƙarar ubangidansa, sai ya yi shiru yana shafa man zafi. Wannan ba ƙara ba ce. Idan maigida ya yi rajista, asusu ne zai biya, tumakinsa suna nan a turke. Wanda ya ƙi yi ne zai gamu da tara, ko ma ɗauri, hukumar kuma tana iya bin sa kuɗin da ta kashe. Ku masu burin kwangila, ku sani Gwamnatin Tarayya tana neman takardar shaidar NSITF kafin ta dube ku.

Za ku ce da ni, Malam, mu ba albashin wata muke biya ba, kullum da yamma ake sallamar kowa. Na sani. Shi ya sa nake roƙonku abu guda da ba ya bukatar izinin kowa. Sayi littafi mai shafi 40, irin na 'yan makaranta. Rubuta sunan kowane yaro, ranar da ya fara, da abin da ka ba shi, kamar yadda muke kiran suna a aji. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Ran da za a yi rajista da wannan littafi za a yi lissafi, ran da aka yi tsautsayi kuma shi ne shaida ga ku duka biyu.

Ba zan ɓoye muku ba, ita kanta hukumar tana da nata tabon. A 2022 kwamitin Majalisar Dattawa ya nemi takardun yadda aka kashe Naira biliyan 17 da ɗoriya, amsar da jaridu suka ɗauko ita ce wai gara ta cinye takardun. Gara! Ku da kuke da rumbu kun san gara, kun kuma san mai rumbun da ya bari ta shiga. Don haka mai walda da ya ce yana tsoron zuba kuɗinsa, ban ga laifinsa ba. Amma ku lura, wa ya yi tambayar? 'Yan majalisa. Su ke da ikon kiran shugabannin hukumar su tsaya gabansu, su ke da ikon gyara dokar ta dace da mai biyan yini-yini, da ɗan ƙodagon da muke ɗauka a gona lokacin noma da girbi, wanda har yau ba ya ganin komai a ƙasa.

To, kuna da kujera biyu a Abuja: ɗan Majalisar Wakilai na Bungudu da Maru, da Sanatan Zamfara ta Tsakiya, wanda muka haɗa da Gusau da Tsafe da Maru. Duk wanda ya zo neman ɗaya daga cikinsu, ko daga wace jam'iyya, ku bar shi ya gama gaisuwa, sa'an nan dattijo guda ya miƙe ya ce: Ranka ya daɗe, masu sana'a nawa ne a ƙaramar hukumar nan suka yi rajista da asusun diyya? Mutum nawa aka taɓa biya? Yaushe za ka kawo ma'aikatan hukumar ranar kasuwa su zauna da takardunsu a rumfa, su yi mana bayani da Hausa? Idan ya ce zai bincika, ku ce ya faɗi rana, ku sa wani yaro ya rubuta ta.

Shugabannin masu niƙa, da na masu walda, da na birkiloli, ku ɗan tsaya bayan an tashi. Kowa ya faɗa mini yaransa nawa da abin da yake ba su, in buga masa lissafin kashi ɗayansa kafin a kira magariba.