Abin da 'ya'yanku suke karantawa ranar Laraba

Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da iyayenmu maza da ke zaune can baya suna kasa kunne, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya sa abin da kuke tarawa ya amfani 'ya'ya da jikoki.

An ce in yi magana a kan zaman karatun da muke yi da ɗalibai mata a jami'a, domin 'ya'yan wasunku na zuwa, kuma labari ya iso gida wai ana koya musu feminizim. Na ji har akwai uwar da ta ce za ta hana 'yarta zuwa. To, gara ku ji daga bakina.

Duk Laraba bayan la'asar mukan taru a wani aji da babu kowa. Babu jarrabawa, babu maki. Mu zaɓi littafi ɗaya, kowa ta karanta babi biyu ko uku a ɗakinta, mu zo mu yi ta muhawara har a kira magariba. Kalmar feminizim ta Turawa ce, malaman Hausa kan ce matantaka. A wajenmu dai ma'anarta a dubi yadda mace take rayuwa, a tambayi me ya sa haka, a tantance wanne ne umarnin Allah, wanne ne al'ada, wanne ne son zuciyar mutum kawai.

Littafin da ya fi tayar mana da ƙura shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Wasunku sun karanta shi tun suna 'yanmata. Labarin Rabi ne, mai 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya yi amarya. Ta fita da yara, ta kama sayar da abinci, da haka ta riƙe su. Sai da gobara ta cinye shagon Alhaji, amarya ta nuna halinta, sannan aka tuna da Rabi, dangi suka matsa mata ta koma.

A nan aji ya rabu biyu. Wasu suka ce komawarta daidai ne, don 'ya'ya, kuma ai ta koma da ƙarfinta. Wasu suka ce a'a, lokacin da take fama da tukunya da yara tara babu wanda ya taka wa Alhaji birki, sai da ya talauce aka tuna da haƙuri, kuma a kanta aka ɗora shi. Ni ina tare da na biyun nan, ban ɓoye musu ba. Amma tambayar da ta fi tsaya mini wata 'yar aji ɗaya ce ta yi ta, ta ce: da Rabi ba ta da sana'a fa? Kowa ta yi tsit. Wannan tambaya, iyayena, ku kuka daɗe da amsa ta. Duk wadda ta karɓi rance a nan ta sayi injin markaɗe ko keken ɗinki, ta san amsar fiye da mu masu riƙe da littafi.

Mun kuma karanta doguwar wasiƙar nan ta Mariama Ba, marubuciyar Senegal, wadda ta fito da Faransanci a 1979. Mace ce a cikin takaba take rubuta wa aminiyarta yadda mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya ƙaurace mata. Yaran suka yi mamaki, Dakar ce amma kamar a layinsu abin ya faru.

Masu cewa wannan magana baƙuwa ce, daga Amurka aka kawo ta, sai in tuna musu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis, ta ba su malfa, ta tura su ƙauyuka su tara mata su koyar da su. Su ne 'Yan Taru. Matan kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, matan Arewa kuwa sai 1979, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan ƙuri'a da yau wasunmu ke sayarwa da taliya da sabulu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 1982, aka yi taron da ya haifi ƙungiyar WIN, inda malamai mata da maza suka zauna a kan matsalar matan Nijeriya. FOMWAN ta biyo baya a 1985. Duk a ƙasar nan.

Ba zan ce muku komai muka karanta muke haɗiyewa ba. Akwai littattafan Turawa da ke magana a kan jinsi ta hanyar da yawancinmu ba mu yarda da ita ba, mukan karanta mu ce ga inda muka rabu. Akwai ranar da aka yi zafi a kan hijabi, wata ta ce takura ne, uku suka miƙe suka ce zaɓinsu ne kuma ibadarsu ce, kada wani ya zo ya 'yanta su daga abin da ba su ce ya dame su ba. A cikinmu akwai Kiristoci daga kudancin Kaduna da Filato, akwai Fulani, akwai Barebari. Yarinyar da ta saba kare ra'ayinta da hujja a gaban waɗanda ba su yarda da ita ba, da wuya wani saurayi ya ruɗe ta da saƙon waya.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ba ya cikin littafin Turawa. Wata rana na tambayi aji nawa ne rabon matar mamaci a gado. Ɗalibai na jami'a fa, da yawa suka kasa. Tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya. Rubu'i in babu. Sadaki na amarya ne, ba na uba ko kawu ba. Abin da mace ta samu da sana'arta nata ne, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta, kuma ci da sha da tufafi da wurin kwana suna wuyansa ko da ta fi shi kuɗi. Mace na da hanyar khul'i a gaban alƙali in zama ya gagara. Ba feminizim ya kawo waɗannan ba, suna cikin littattafan fiƙihu da ke gidajenmu. Amma mata nawa aka cinye wa gona saboda ba su san a rubuce take ba? Mata nawa a nan suka karɓi rance da sunansu, kuɗin ya tafi hannun wani, biya ya dawo kansu? Ma'aji ta san adadin, ba sai ta faɗa ba.

Saboda haka ga roƙona, Hajiya Shugaba. Kada a hana yaran zuwa. In uwa na shakka, ta ce 'yarta ta kawo littafin gida ta karanta mata. Na biyu, a taron wata-wata, bayan an gama zubi an rufe littafin ajiya, a ba mu minti talatin. Ɗalibai biyu za su zo su karanta da murya, don wadda ba ta yi boko ba ita ma ta sa baki. Mu fara da Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na Hajiya Balaraba, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar. Littafin muna da shi, kuɗin motar yaran ni zan biya. In kun amince, Sakatariya ta sa mu a ajandar taron wata mai zuwa.