Ka Auna Gonarka Kafin Ka Yi Mata Magani

 Yau zancenmu a kan lafiyar ƙasa ne.

Gona takan gaji kamar mutum, kuma ba a ba da magani sai an san ciwo. To, ga awo uku da kowa zai iya yi.

Na ɗaya, duba ciyawa. Inda ƙuduji ya yi yawa cikin hatsi, ƙasa ta rasa ƙarfi, taki take bukata.

Na biyu, zuba ruwa kwano ɗaya a ƙasa. In ya gudu bai shiga ba, fako ne. Can ake haƙa tassa ko rabin-wata, don su tare ruwan sama. In ya nutse nan da nan, jigawa ce. Ita kara za ka bar mata a kwance, kada iska ta kwashe ta.

Na uku, ƙidaya itatuwan gonarka: gawo, sabara, kalgo da kaba. Tun 1983 aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi. Manomi yakan bar toho mai ƙarfi a kututture, ya sare sauran. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ya zama taki.

Yanzu kun iya rubutu. Kowa ya ɗauki littafinsa, ya rubuta ranar awo, sunan gona, da abin da ya gani. Baɗi ku sake aunawa a wuri guda, ku kwatanta, ku nuna wa malamin gona. Ta haka za ku san ko ƙasa ta farfaɗo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.