Ƙaura Da Iyali Zuwa Kumasi: Maganar Makaranta Da Unguwa

(Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya na ƙarshen wata a nan Bauchi)

An ce mu yi magana a kan abin da mutum zai duba in zai ɗauki iyalinsa ya koma wata ƙasa da zama, don a bana kaɗai 'yan'uwa da dama sun zo mana da wannan shawara a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, kuma yawancinsu Gana suke nufi. Mu ba malaman makaranta ba ne, 'yan kasuwa ne da muka ɗan yi zirga-zirga tsakanin Bauchi da Kumasi, har wasunmu suka zauna can da yara na wasu shekaru. Abin da muka gani shi za mu faɗa.

Duk wanda ke zaune a nan ya san ƙaura. Iyayenmu daga Kano da Katsina da Zamfara suka taso suka zauna a Bauchi. Amma su da suka zo, harshe ɗaya suka tarar, kuɗi ɗaya, gwamnati ɗaya. Yaro ya bar firamare a Fagge ya shiga ta Kobi ko ta Jahun, ba abin da ya canja sai fuskar malami. Wanda ya ƙetare Seme ya ratsa Kwatano da Lome ya shiga Gana ta Aflao, to shi kam iyaka 3 ya tsallaka, kuma ɗansa baƙo ne a takarda ko da kakansa ya yi fataucin goro a Salaga.

Kuskuren da muka fi yi, mu da kanmu mun yi shi, shi ne mutum ya fara neman shago, sannan ɗaki kusa da shago, makaranta kuwa ya bar ta sai iyali sun iso. Mu dai ra'ayinmu a juya lissafin: a fara samo makarantar da za a iya biya, sannan a nemi ɗaki inda yaro zai taka da ƙafa ya je. Magidanci shi ne zai hau mota zuwa kasuwar Kejetiya. Ku lissafa da kanku. Mai yara 4, in kowanne zai hau motar haya zuwa da dawowa kwana 5 a mako, kuɗin kujera 40 ke nan duk mako. Shi kuwa uban in shi ne mai nisa, ko da har Asabar yana fita, kujera 12 ce. Wani ɗan'uwanmu ya samu ɗaki mai araha a bayan gari ya yi ta murna, kafin zangon karatu na biyu ya ƙare manyan yaransa biyu sun daina zuwa makaranta, saboda kuɗin mota ya cinye abin da ya rage a haya har ya shiga jari.

To wace makaranta? Tsarin Gana bai yi nisa da namu ba: shekara 2 ta rainon yara, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. A ƙarshen ƙaramar sakandare ana yin jarrabawar BECE, a ƙarshen babba kuwa jarrabawar WAEC ce irin wadda yaranmu ke yi a nan. Wannan babban sauƙi ne, don yaron da ya gama a Kumasi takardarsa tana aiki in ya dawo neman jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da turanci ake karatu, ba kamar Nijar ko Kamaru ta arewa ba inda yaro zai tarar da faransanci.

Abin da muke so ku riƙe sosai shi ne wani irin makaranta da babu kamarsa sosai a wajenmu. A 1987 gwamnatin Gana ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar iliminta. Makarantun malamai na zango da suka yarda suka shiga tsarin, gwamnati tana tura musu malaman boko ta biya albashinsu, su kuma suna ci gaba da larabci da karatun addini a gini ɗaya. Can ana ce musu makarantun turanci da larabci. Mu da muka yi Islamiyya mun san yadda abin yake a nan: yaro ya je boko da safe, ya dawo ya ci abinci a tsaye, ya ruga Islamiyya da la'asar, uba ya biya nan ya biya can, ya ɗinka kaya iri biyu. A irin waɗancan makarantu an haɗe su. Akwai su a Abuabo da Asawase da Sawaba da Tafo, kuma har matakin babbar sakandare akwai irin su Sakafiya a Sawaba da Azhariyya a Tafo. Daga 2024 ma an sa larabci cikin darussan da yaro zai iya rubutawa a BECE.

Amma kada mu yaudare ku. Ba dukkansu ne suke da kyau ba. Mun shiga wata, ba za mu kama suna ba, muka tarar da aji cike maƙil, malamin lissafi bai zo ba tun safe, na larabci kuma yana ƙorafin iyaye ba su kawo ɗan abin da aka yanka musu ba. Allon da ke bakin ƙofa ba ya koyar da yaro. Ku je da kanku ranar Talata ko Laraba da hantsi, ba tare da sanarwa ba. Ku leƙa aji, ku duba littafin wani yaro ku ga ko ana gyara masa aiki, ku tambayi shugaban makaranta yadda yaransa suka yi a BECE ta bara da inda aka tura su. Ku duba makewayi, musamman mai 'ya'ya mata. Kuma ku tambayi kuɗin da ba a rubuta ba. An ce firamaren gwamnati kyauta ce, haka ne ba a karɓar kuɗin makaranta, amma akwai kayan makaranta, da littattafai, da kuɗin ƙungiyar iyaye, da na darasin yamma. Kyauta irin ta gwamnati ai mun san ta a nan ma.

Babbar sakandare kuwa, a watan Satumba na 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta mayar da ita kyauta a makarantun gwamnati, har da abinci da kwana. Wasu 'yan'uwa suna jin wannan sai su ce shi ke nan. A yi hattara. An yi shirin ne don 'yan ƙasa, kuma ta hanyar BECE ake shiga, kwamfuta ce ke rarraba yara bisa sakamakonsu da makarantun da suka zaɓa. Wanda ɗansa ke riƙe da takardar Najeriya ya je ofishin ilimi na gunduma ya tambayi matsayin yaron tun kafin ya sa shi a lissafi. Kuma kada kowa ya ba ku shawarar yi wa yaro takardar haihuwa ta ƙarya. Ranar da abin zai tashi, yaron ne zai rasa shekarunsa, ba dillalin da ya karɓi kuɗi ba.

Shekarun yaro ma abin dubawa ne. Ɗan aji 2 ko 3 na firamare, wata 6 ya ishe shi ya saje. Za a koya masa Tuwi, harshen Tonawa mutanen Ashanti, don shi ake karantarwa a makarantun Kumasi, Hausa ba ta cikin darussan jarrabawa duk da yadda ake jin ta a zango. Amma yaron da ke ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ko wanda ya riga ya shiga babba a nan Bauchi, mu dai shawararmu a bar shi wajen baffansa ko kakarsa ya ƙarasa. Mun san uwa ba ta son jin haka. Mu ma da muka bar namu ba mu yi barci mai daɗi ba. Sai dai mun ga wanda aka ɗauke a tsakiyar karatu aka mayar da shi baya da aji guda, zuciyarsa ta karye, ya koma dako a tasha.

Sai maganar unguwa. Bahaushe in ya sauka Kumasi zango yake nufa, kuma yana da hujja. Akwai masallaci, akwai mahauci na halal, akwai sarkin zango da za a kai masa ƙara, matarka za ta samu wadda za ta yi hira da ita ran da kuka sauka, in an yi rasuwa akwai masu sutura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace da ta baro danginta a Bakin Kura ko Fadamar Mada. Amma zango ba ɗaya ba ne. Wani gidan haya ɗaki 15 ne ko fiye, famfo ɗaya, mitar wuta ɗaya, kullum rigima a kan wa ya kunna dutsen guga. Wani gidan ba makewayi sam, sai na kuɗi a bakin titi, a lissafa wannan ma da yawan yara. Sannan ruwa. Kumasi damina biyu take yi a shekara, ba kamar Bauchi ba, kuma gidajen da ke bakin rafin Abuabo suna shan ambaliya. In dillali ya nuna muku ɗaki mai arahar da ta ba ku mamaki, ku dubi jikin bango daga ƙasa, ruwa yana barin shaidarsa. Ku tambayi mai shayi na bakin layi, shi ba ya cin la'ada.

Haya ita ce ke karya yawancin mutane. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 gaba. A aikace kuwa shekara 1 ko 2 ake nema dunƙule, baƙo kuma ba ya da bakin musu. Wanda ya zuba kuɗin shekara 2 a ɗakin da bai dace ba ya ɗaure kansa da yaransa, ba mai mayar masa. Don haka magidanci ya fara tafiya shi kaɗai, ya sauka wajen ɗan'uwa wata 2 ko 3, ya ga makaranta ya ga damina, sannan ya biya. A rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, a karɓi rasit. Kuma ku tuna da naira muke tara jari, da sidi ake biyan haya da makaranta. Wanda cinikinsa yana nan Najeriya iyalinsa suna can, kullum canji yana yankarsa.

Wani zai ce ai akwai ECOWAS. Akwai, amma kwana 90 ta ba ka ka shiga ba biza, zama na dindindin sai da takardar izini. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, a kanta aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. Dattawanmu kuma ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice, har da waɗanda aka haifa a zango. Mu ma a 1983 zamanin Shagari mun yi musu irin ta. Ba don mu tsorata kowa muka kawo wannan ba, a'a, don mutum ya san irin kasuwancin da zai yi da takardar da zai riƙe kafin ya cire yara daga makaranta a nan.

Wanda ya yanke shawarar tafiya, kafin ya bar Bauchi ya karɓo wa kowane yaro takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da takardar canjin makaranta mai hatimin shugaban makaranta, da sakamakon zangon karatu 3 na ƙarshe, da katin rigakafi, da katin allurar shawara wanda ake tambaya a kan iyaka. A yi hotonsu, a bar kwafi ɗaya wajen ɗan'uwa a nan. Malamin Islamiyya ma a roƙe shi ya rubuta izun da yaro ya kai da littattafan da ya karanta, don kada a mayar da shi farko.

Shugaba, nan za mu tsaya. Masu tambaya a kan Ankara, wato Nima da Madina da Sabon Zango, akwai waɗanda suka fi mu sanin can a cikin ɗakin nan, sai a ba su dama bayan sallah.