Jawabin Kwamitin Tarihi: Hasumiyar Ailan da Ganuwar Sakkwato



Da aka ɗora mana aikin tattara tarihin shekara 50 na wannan ikilisiya, mun nemi hoton majami'armu ta fari, wadda iyayenmu suka gina da ƙasa. Gida gida muka bi, ba mu samu ba. Dattawa ma sun saɓa kan inda ƙofarta ta fuskanta.

Wannan ya tuna mana da ƙasar Ailan, wadda limamanta da yawa suka yi aikin bishara a Arewa. A can akwai kangayen gidajen sufaye, waɗansu da dogayen hasumiyoyin dutse. Ta Glendalough ta kai wajen mita 30, ƙofarta kuma tana can sama, sai da tsani. Wajen 1540 Sarkin Ingila Henry na Takwas ya rufe gidajen sufaye da dama, rufinsu ya zube. Amma daga baya masu zane suka bi su da fensir, har aka buga zanen kangayen a littafin Francis Grose, wanda ya rasu a 1791. George Petrie, shi ma mai zane ne, ya nuna a 1845 cewa Kirista ne suka gina hasumiyoyin don kaɗa ƙararrawa. Waɗansu bangayen da aka zana sun faɗi tuni, a takarda kaɗai ake ganinsu.

Su nasu dutse ne. Mu kuwa namu ƙasa ce, damina kaɗan ta ishe ta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tun kafin ya hau gado, ya kewaye Sakkwato da ganuwa a 1809. Yau yaro ya san Ƙofar Rini da Ƙofar Marke, amma ina ganuwar? Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo garin nan a 1853, kuma albarkacin littafinsa muke da zanen kasuwar Sakkwato ta wancan zamani. Baƙo ne ya adana mana, abin da ɗan kunya.

Saboda haka muna roƙo. Kafin a taɓa wannan gini da muke zaune ciki don faɗaɗawa, a ɗauki hotonsa ta kowace fuska, a auna shi, a rubuta. Mai tsohon hoton baftisma ko na aure a cikin akwati, ya kawo wa kwamiti ranar Lahadi. Za mu kwafa mu mayar masa. Dattawan da suka ɗebi ƙasar ginin farko kuma, muna nan zuwa gidajenku da takarda da fensir.