Abin da Mawaƙi Ya Faɗa da Abin da Yake Nufi



Da aka ce in yi jawabi a kan ma'anar waƙoƙin makaɗanmu, sai na tuna da rediyon nan guda ɗaya tilo da ke ɗakin kwananmu, wadda muke kewayewa bayan sallar isha'i. A wancan lokaci mun haddace waƙoƙi da yawa, amma kaɗan muka fahimta. Ni kaina sai da na ji kunya kafin na gane haka.

Wata rana, bayan na fara aiki, na rage wa wani dattijo ɗan sarauta hanya a motata. Don in faranta masa rai sai na sa kaset ɗin wani makaɗin fada, har ina bin amshi. Can na lura ya yi tsit. Da ya sauka, abokin tafiyarmu ya ce mini, "Kai, ba ka san wanda ake yi wa zambon nan ba? Ai mahaifinsa ne, shi ya nemi sarautar bai samu ba." Shekara goma ina rera wannan ɗan waƙa ina dariya, a zatona labarin dabba ne kawai.

To, jama'a, wannan shi ne darasi na farko. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, ba yabon ubangidansu kaɗai suke yi ba. Aikinsu ne su rage darajar abokan hamayyarsa. Ba za su kama suna ba. Sai su siffanta mutum da wata dabba, ko su ambaci tafiyarsa ko rawaninsa, mutanen gari kuwa sun san da wa ake. Wannan shi ne zambo. Habaici ya fi shi ɓoyewa, domin mai shi kaɗai ke jin zafinsa.

Na biyu, a nemi turken waƙa, wato babban saƙon da aka ɗaure ta a kansa, kamar yadda manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka koyar. Ku ɗauki waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Muna yara raha muka ɗauke ta. Amma wanda ya natsu zai ga cewa da kuntiginsa ya nuna mana wahalar yaron mota, mutumin da ba wanda ya damu da shi. Haka nan Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013: a cikin kiɗan ƙwarya da barkwanci ta riƙa zuga mata su kama sana'a.

Na uku, a san zamani da dalilin yin waƙar. Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata kirarin kansa ce, amma kuma gargaɗi ce ga mawaƙan da ke son ja da shi. Ba a banza Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988 ba.

Abin da ke damuna shi ne, Shata ya rasu a 1999, kuma dattawan da suka san asalin waɗannan waƙoƙi suna ta ƙarewa. 'Ya'yanmu na da waƙoƙin a wayoyinsu, amma ba su da mai warware musu. Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya, kowannenmu ya samu dattijo guda a garinsu, ya ɗauki bayanin waƙa ɗaya a rubuce, mu tara mu ajiye a laburaren makarantarmu. Malamanmu na Hausa ga su nan zaune, na tabbata ba za su ƙi duba mana ba, ko da jan biro ne kamar dā.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar zumunci.