AMANAR IYAKA: DARASI DAGA RAYUWAR WANI MALAMIN SAFIYO

(Laccar da aka gabatar bayan sallar Magariba a cikin birnin Zariya)

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, kun sami labarin rasuwar dattijonmu, tsohon malamin safiyo, wanda ya daɗe yana sahun gaba a wannan masallaci. Allah Ya jiƙansa. Shari'a ta hana kururuwa a kan mamaci, ta hana wuce gona da iri wajen yabonsa, amma ba ta hana a ambaci alherinsa domin masu rai su yi koyi ba. Abu biyu jama'a suka shaide shi da su: bai taɓa karkata awo don wani ba, bai kuma tauye haƙƙin iyalinsa ba. Duka biyun kuwa tushensu ɗaya, wato riƙon amana.

Yana da kyau mu san nauyin aikin da ya yi. Bayan Turawa sun kama Zazzau a 1902, sun shigo da awon gonaki a wasu lardunan Arewa domin yanka haraji, inda malaman taki suke auna gona da takun ƙafa. Sanin kowa ne cewa taki yana iya tsawo ko gajarta gwargwadon abin da mai gona ya miƙa. Daga baya aka horar da malaman safiyo masu aiki da na'urar hange mai ƙafa uku da sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66. Marigayi ya shiga aikin tun kafin a rushe En'e a 1976, ya kuma ga zuwan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen jiha a hannun Gwamna, har takardar mallaka ta zama abin nema. Yau da tauraron ɗan Adam ake awo, amma duk ingancin na'ura, abin da mai riƙe da ita ya rubuta shi ne ke shiga taswira.

Musulunci bai ɗauki wannan al'amari da wasa ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci ƙasar wani da zalunci, ko da gwargwadon taƙi ɗaya na hannu ne, za a rataya masa ita har ƙassai bakwai ranar Alƙiyama. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu (RA) cewa mai canja alamar iyaka yana cikin waɗanda aka la'anta. Ku tuna Sa'idu ɗan Zaidu (RA), wanda Arwa 'yar Uwaisu ta kai ƙara gaban Marwanu ɗan Hakamu tana cewa ya ci mata fili. Ya musanta, ya roƙi Allah idan ƙarya take yi Ya makantar da ita, Ya kashe ta a cikin filin nata. Haka kuwa aka yi: ta makance, ta faɗa rami a wurin ta mutu. A ƙasarmu ma, Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ta'alimur Radi domin bayyana hanyoyin da ake mallakar ƙasa da su, kamar raya matacciyar ƙasa da yankan da shugaba yake yi.

To, mu dubi halin da muke ciki. Da can cikin ganuwar nan akwai gonaki da fadamu tsakanin unguwanni, yanzu gini ya ci mafi yawansu. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Ƙofar Kona zuwa Ƙofar Kuyambana, fili ya yi tsada, kwaɗayi ya ƙaru. Sai ka ga an sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu. Sai a wayi gari turken siminti ya matsa da dare. Wani ya tura katangarsa cikin lungu har makara ba ta iya wucewa. Mafi muni, gidan gado ya shekara talatin ba a raba ba, maza sun mamaye, mata da marayu suna kallo, har 'ya'yan wa da ƙani su daina gaisawa.

A irin wannan wuri ne marigayi ya yi fice. Ba ya kafa turke sai maƙwabta sun hallara, da mai unguwa da shaidu. Idan rabon gado ne, sai ya tambayi ina kason mata kafin ya buɗe sarƙa. Ba ya karɓar goron mai fili kafin awo, ba ya karɓa bayansa. Gidaje da yawa a birnin nan zumuncinsu ya tsira ta dalilinsa.

A gida kuma haka yake. Aikinsa na daji ne, yakan yi makonni bai kwana gida ba, amma ba ya fita sai ya bar abinci da kuɗin cefane isassu. Ya daidaita tsakanin matansa, ya sa 'ya'yansa mata makaranta kamar yadda ya sa maza, ya riƙe marayun ɗan'uwansa har ba a rarrabe su da nasa. Hadisi ya nuna cewa alherin mutum ga iyalinsa shi ne ma'aunin alherinsa. Wanda ya ƙi shigo da haram gidansa kuwa ya riga ya yi wa iyalinsa babban alheri.

Saboda haka ina kira da abu uku. Na farko, a raba gado da wuri bisa shari'a, a rubuta, a kafa shaidu. Na biyu, mai sayen fili ya nemi ma'auni mai rajista da majalisar masu safiyo ta ƙasa, wadda doka ta kafa a 1989, ya kuma binciki takarda a hukumar KADGIS da Jihar Kaduna ta kafa a 2015. Na uku, duk wanda ya san akwai taƙin wani a cikin katangarsa, ya mayar tun yana da rai, domin magadansa za su ci moriya, shi kuwa zai ɗauki nauyi.

Allah Ya gafarta wa dattijonmu, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.