Kada Zanen Yaranmu Ya Ƙare A Ƙunshin Ƙosai

Jawabin da kwamitin mata ya gabatar a taron 'yan asalin ƙasar Katagum mazauna Sabo, Ibadan

 

Abin da ya tsayar da mu a gabanku yau ƙaramin abu ne a ido, amma ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya ɗaya daga cikinmu ta aika sayen ƙosai, sai aka kawo shi ƙunshe cikin wata takarda. Da ta buɗe, sai ga zanen wani yaro: gida mai zaure, da bishiya, da doki a ƙofa, a ƙasa ya rubuta "gidan Kaka". Mai ya riga ya jiƙa shi. To, jama'a, yawancin yaranmu a nan aka haife su, wasu sau ɗaya ko biyu suka taɓa ganin Azare. Idan yaro ya zauna ya zana gidan kakansa, ai zumunci ne yake yi da hannunsa, mu kuwa muna sharewa da tsintsiya.

Adana aikin hannun yaro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A gida, idan yaro ya sauke Alƙur'ani, akan yi masa allon zayyana mai launuka, a ajiye shi shekara da shekaru. Malamanmu kuma suna da kundi da gafaka ta fata. Ko tarihin ƙasarmu haka yake. Malam Zaki ne ya kafa masarautar Katagum a zamanin jihadi, aka mai da fadar Azare a 1916. Baturen nan Clapperton ya sauka Katagum a 1824, kuma har yau ana karanta yadda ya ga garin, domin kuwa ya rubuta, an kuma adana.

Saboda haka muke roƙon kowane gida ya buɗe wa yaransa kundi. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A samu kwali mai kauri guda biyu don bango, a lulluɓe su da ƙyallen atamfa, ko a kai wa baduku ya sa jar fata. A jera farar takarda mai ƙwari a tsakani, a huda gefe da basilla, a ɗaure da zare yadda za a iya kwancewa a ƙara shafi.

Wajen liƙi, don Allah a guji salatif, domin bayan 'yan shekaru yakan koma rawaya ya ɓata zanen. A guji kuma kunun sitaci, shi ne abincin kyankyasai. Ƙaro ya fi, wato wannan da ake sa wa tawadar allo. A jiƙa shi, a ɗan ɗiga a kusurwa huɗu kawai. A ƙarƙashin kowane zane a rubuta sunan yaro da shekarunsa da kwanan wata, da fensir, don biro yakan ratsa takarda. Sannan a tambayi yaron me ya zana, a rubuta amsarsa da Hausa yadda ta fito daga bakinsa, ko da ta gauraya da Yarabanci. Kada a gyara masa. Kun kuma san damshin garin nan ba irin na gida ba ne: a ɗora kundin a sama, nesa da bango, a riƙa shanya shi a inuwa idan hunturu ya shigo.

Wasu za su ce ai ana ɗauka a waya. Gaskiya ne, a ɗauka. Amma mu nawa ne a nan waya ta faɗa ruwa ko aka sace, hotunan suna da na biki suka tafi? Kuma tsohuwa a Azare ta fi son abin da za ta riƙe ta shafa.

Akwai iyayen da ba sa son zanen abu mai rai. Wannan mun bar wa malamanmu. Sai dai yaro na iya zana masallaci, da ƙofar fada, da kuka, da rumbu, da gadar kogin Jama'are. Takardar da ke da aya kuwa, a ware ta daban, a ba ta girmanta.

Daga ƙarshe, roƙonmu shi ne duk mai zuwa gida da Babbar Sallah ya tafi da kundin yaransa, ya buɗe a gaban kakanni, ya bar shafi biyu babu komai don 'yan'uwansu na can su ma su zana. Da haka kundin zai dawo da hannun gida a cikinsa. Kwamitinmu ya tanadi kwali da zare, mai bukata ta same mu bayan taro.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.